Sunan da Rana Ta Kasa Kira

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu kunnen ƙashi."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

An idar da magariba, an ci tuwo. Kaka Tabawa tana zaune a tabarma da kaskon garwashi a gabanta, jikoki sun kewaye ta suna ɓarar gyaɗa. Barira ce kaɗai ba ta amsa ba. Ita ce marainiyar gidan, 'yar babban ɗan Kaka wanda ya rasu bara waccan. Tafin hannunta a kumbure yake. Malamin aji ne ya yi mata bulala biyar don ta kasa jera duniyoyin da ke zagaya rana, ya kuma ce gobe da ita zai fara.

Kaka ta ce, "Share hancinki, Barira. Abin da bulala ta kasa sa miki a ka, ni zan sa shi da baki. Amma ku sani ba mai daɗi ba ce. Ɗanlami, miƙo min gyaɗa tara. Tara na ce, maigidana ɓarawo, tofo ta bakinka."

Ta karɓi gyaɗar ta riƙe a hannu, sannan ta fara.

Wai a can da, Rana mace ce kamar kowace mace, da gidanta a tsakiyar sama. Murhunta ba ya mutuwa. Abin da take tuƙawa kuwa ɗumi ne, shi ake ci a can.

Sai ta yi ciki. Sai ta haihu, namiji. Ungozomarta ita ce tsohuwar nan Kaza Mai 'Ya'ya, taurarin da kuke gani a cure wuri ɗaya. Ranar suna aka raɗa wa yaro sunansa a kunne. Rana ta ji sunan, ya yi mata daɗi, ta buɗe baki za ta maimaita. Sai Kaza ta toshe mata baki da fiffike.

"Ke, ba ki da kunya? Ɗan fari ne fa."

Rana ta ce, "To, in ɗan fari ne fa?"

"Ba a kiran sunansa. Ba a kallonsa a gaban mutane. Ba a yi masa wasa. In ya faɗi, ki dubi wani wuri. Haka muka tarar."

"To in ina son sa?"

"Ki so shi a ciki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Ita mai wannan huɗubar, ku ɗaga kai ku duba, nata 'ya'yan duk suna manne da ita har yau. Amma Rana a lokacin yarinya ce, tana tsoron bakin mutane. Sai ta haɗiye sunan. In za ta yi maganar yaron sai ta ce "wancan". Tun ana dariya har Wancan ya bi shi.

Sai ta sake haihuwa. Kun san in aka yi wa yaro ƙane, matsawa yake yi ya bar cinya. Wancan ya matsa. Ta ƙara haihuwa, ya ƙara matsawa. Haihuwa takwas, matsawa takwas, har ya kai bakin zaure, inda hasken murhu ba ya isa sosai.

Kaka ta fara jera gyaɗa ɗaya bayan ɗaya, daga gindin kasko zuwa bakin tabarma.

To, ku buɗe kunne. Na jikin murhu shi ne auta, Udaridu. Ɗan mitsitsi ne, ba ya zama, kullum yana zagaya uwarsa da gudu, fuska duk ta babbake.

Ta biyu Zuhura. Ga ta can yamma tana ƙyalli, ita ce kuke ce wa Zara matar Wata. Kyau kamar ita ta yi kanta, amma ta lulluɓe da mayafi a kan mayafi, zafin cikinta ya fi na kowa.

Ta uku Duniya, mai zane shuɗi da kore, mai tulun ruwa. Kanta cike yake da kwarkwata, mu ke nan. Shi kuwa Wata, matarsa tana can, shi yana nan yana zagaya yayarta. Namiji ke nan.

Na huɗu Mirrihi, ja wur, don birgima a jar ƙasa.

Na biyar Mushtari, ƙato, acici. In an haɗa sauran duka ba su kai shi ba. Akwai jan tabo a kwiɓinsa, inda muciya mai zafi ta same shi garin satar loma.

Na shida Zuhalu, ɗan gayu. Ya huda faifai ya sa a ƙugu, wai shi ado.

Na bakwai Yuranus, malalaci, ko tafiya a kishingiɗe yake yin ta.

Na takwas Naftun, shuɗi kamar an tsamo shi daga karofi, iska a kansa ba ta kwanciya.

Can bayan Naftun kuma, sai Wancan.

Kaka ta ajiye gyaɗa ta tara a ƙasa, ta wuce bakin tabarma.

In Rana ta sauke tukunya, sai ta buga ludayi ta yi kira:

"Udaridu, Zuhura, ku zo ku ci,
Duniya, Mirrihi, ku zo ku ci,
Mushtari, Zuhalu, ku zo ku ci,
Yuranus, Naftun, ku zo ku ci."

Kaka ta ce, "Ku maimaita. Ke ma, Barira, ba da hanci ba."

Yara suka rera, suka tsaya a kan Naftun.

To, ita ma a nan take tsayawa. Duk wanda ya ji sunansa sai ya taso, ya karɓi nasa daga hannunta da zafinsa. In an gama sai ta sunkuyar da kai, ta tura akushi ɗaya gefe, ta ce ƙasa-ƙasa, "A miƙa wa wancan."

Ku ji abin takaici. Akushin Wancan ya fi na kowa cika. Saman tukunya take kwasar masa, don duk cikinsu shi ta fi so. Amma hannu da hannu ake miƙawa. Sai Udaridu ya lakata. Sai Zuhura ta gutsura. Sai Duniya ta ɗiba wa kwarkwatarta. Sai Mirrihi ya yi loma. Sai Mushtari ya yi loma uku, lomar Mushtari kuwa kun san ta. Sai Zuhalu ya kankare gefe. Sai Yuranus ya zubar da rabin saura, don a kwance yake karɓa. Sai iskar Naftun ta huce abin da ya rage. Abin da ke isa hannun Wancan bai fi ƙwayar gero ba, sanyi ƙalau.

Shi ya sa bai girma ba. Shi ne babba, amma ko auta ya fi shi jiki. Ƙanƙara ta kama shi tun daga ƙafa har wuya. Shi bai san nasa ne mafi yawa a gindin murhu ba. Ita kuma ba ta san abin da ke isa gare shi ba, don ba ta kallon wajen. Haka suka zauna shekara da shekaru, kowa da ciwonsa a ciki.

Ana nan ana nan, sai ga Tauraruwa Mai Wutsiya, ganinki ba alheri ba. Ita ce jakadiyar Sarkin Taurari, mai zagaya gidaje. Ta tsaya a ƙofar Rana da allo da tawada.

"Salamu alaikum, masu gida."

"Maraba da baƙuwa."

"Sarki ya ce a rubuta 'ya'yan kowane gida. Wanda uwarsa ta kira sunansa da bakinta, ɗan gida ne, za a yanka masa hanyarsa, a share masa ita. Wanda ba a kira ba, za a haɗa shi da duwatsun bayan gari."

Kafin ka ce me, maƙwabta sun cika gida. Kaza Mai 'Ya'ya ce a gaba, ta baje fiffike. Rana ta gyara murya ta fara: Udaridu, Zuhura, Duniya, Mirrihi, Mushtari, Zuhalu, Yuranus, Naftun. Mai Wutsiya tana rubutawa. Sai Rana ta tsaya a nan.

"Shi ke nan?"

"Da wancan."

"Wancan ba suna ba ne."

"Ai kina ganin sa."

"Ina ganin sa. Amma ba ido aka aiko ni da shi ba, bakinki nake jira."

Rana ta dubi Kaza. Kaza ta dubi Rana. Sai Rana ta kama gyaran itacen murhu, alhali ba abin da ya same shi.

Mai Wutsiya ta ce, "Sau uku nake zuwa kowane gida. Wannan ɗaya ke nan." Ta ja wutsiyarta ta tafi.

Aka daɗe. Tafiyar Mai Wutsiya ba ta kwana biyu ba ce. Sai ga ta ta dawo, maƙwabta suka sake taruwa. Rana ta sake jerawa: Udaridu, Zuhura, Duniya, Mirrihi, Mushtari, Zuhalu, Yuranus, Naftun. Ta sake tsayawa a kan Naftun.

Sai Duniya ta miƙe, da ma ita ce mai tausayi a cikinsu. Ta ce, "Inna kunya take ji. Ni zan faɗa."

Mai Wutsiya ta ce, "Naki ba zai shiga allo ba. Amma faɗi mu ji."

Duniya ta buɗe baki. Sai ta tsaya. Ta dubi Mirrihi, Mirrihi ya dubi Mushtari, Mushtari ya daina tauna. Ashe duk cikinsu ba wanda ya taɓa jin sunan. A ina za su ji?

Aka ce, "Kaza, ke kika yanke cibiyarsa. Mene ne sunansa?"

Kaza ta ce, "Ni na tsufa. Yara nawa na karɓa? Na manta."

Sai Mai Wutsiya ta ɗaga murya ta ce, "Kai na bakin zaure, yaya sunanka?"

Aka ji wata siririyar murya daga nesa: "Ranki ya daɗe, kwanana bakwai a duniya aka raɗa min shi. Ban sake ji ba."

Suna ɗaya, mutum ɗaya ya san shi a duk faɗin sama, ita kuma ta ƙulle shi a ciki. Mai Wutsiya ta goge bakin alƙalami ta ce, "Biyu ke nan. Saura ɗaya." Ta tafi.

Da Wancan ya ga haka, sai ya ce ba zai zauna ba. Sai ya kakkaɓe jikinsa ya kamo hanyar murhu, abin da bai taɓa yi ba tun da aka yaye shi.

Ya wuce Naftun. Naftun ya ce, "Yaya, ina zuwa?" Ya ce, "Wurin Inna."

Ya tsallake Yuranus, wanda ko ƙafa bai janye ba. Ya raɓe ta gefen faifan Zuhalu. Ya zo wurin Mushtari, Mushtari ya ce, "Wannan ɗan yaron na wane gida ne?" Ya ce, "Wanka ne." Mushtari ya yi dariya har ya ƙware.

Ya wuce Mirrihi. Duniya ta ba shi ruwa ya sha. Ya wuce Zuhura. Udaridu ya kusa bangaje shi garin gudu. Sai ga shi a gindin murhu. Ƙanƙarar jikinsa ta fara narkewa tana ɗiga.

Ya durƙusa ya ce, "Inna, sannu da aiki."

Zuciyar Rana ta yi tsalle. Ta so ta jawo shi ta rungume. Sai ta ɗaga ido ta ga kan Kaza a saman danga, tana leƙe. Sai ta juya masa baya ta kama tuƙi.

Ya ce, "Inna, ba hanya nake so ba. Ko ba a share min ba, zan bi ta haka. So nake in ji yadda sunana yake a bakinki."

Ta ci gaba da juya muciya.

Ya ce, "Ko a kunne ne, Inna. Ki raɗa, ba wanda zai ji."

Shiru.

Ya ce, "To ko sau ɗaya ki dube ni."

Sai Rana ta sunkuya ta yi wa tukunya magana. Ta ce, "Tukunya, gaya wa wancan wuta za ta narkar da shi. Ya koma wurinsa."

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya ce, "To, Inna." Ya tashi. Hawayenta suka ɗiga a garwashi suka yi cuu. Shi kuwa ya ɗauka tukunya ce ta tafaso. Ya koma bakin zaure, ruwan da ya narke a jikinsa ya sake daskarewa, ya fi na da tauri.

Barira ta ce, "Kaka, don me ba ta raɗa masa ba? Ai Kaza ba za ta ji ba."

Kaka ta ce, "Ke dai saurara. Wanda bai taɓa ɗaukar wannan kaya ba gani yake kara ne."

Sai ga Mai Wutsiya karo na uku. Ranar ba masaka tsinke. Taurarin gabas da na yamma duk sun zo kallo. Rana ta kwana tana gwada sunan a zuciyarta, ta rantse yau sai ta faɗa, a ce abin da za a ce.

Ta tsaya ta fara: Udaridu, Zuhura, Duniya, Mirrihi, Mushtari, Zuhalu, Yuranus, Naftun. Ta ja numfashi. Sunan ya taso daga ciki, ya zo maƙogwaro, ya zo kan harshe.

Sai Kaza ta yi gyaran murya.

Sai wata tsohuwa daga baya ta ce, "Yau za mu ga ƙarshen zamani."

Sai wata ta ce, "A gaban surukanta?"

Mai Wutsiya ta ce, "Rana, 'ya'yanki nawa?"

Shiru.

"Rana, 'ya'yanki nawa?"

Can bakin zaure Wancan ya miƙe tsaye, ya kara hannu a kunne.

"Rana, na uku ke nan. 'Ya'yanki nawa?"

Sai Rana ta ja mayafi ta rufe fuska.

Mai Wutsiya ta rubuta takwas, ta naɗe allonta a fata.

Ku ji abin da ya fi ƙona min rai. Guɗa aka yi. Wallahi guɗa aka yi mata. Kaza ta ce, "Kun ga 'yar mutunci! Kunya ta gada." Mata suna shafa mata baya suna sa albarka. Ana cikin wannan shagali Wancan ya ɗauki akushinsa ya kife a bakin zaure. Ya fita. Ba wanda ya gan shi sai Naftun.

Da jama'a suka watse, gida ya koma shiru, sai Rana ta yaye mayafi. Ta dubi bakin zaure, karon farko a rayuwarta. Ta ga akushi a kife. Ta ga girman wurin zamansa, bai fi tafin hannu ba. Sai ta gane abin da yake ci duk shekarun nan.

Sai ta kurma ihu ta kira sunan. Da ƙarfi ta kira shi, har murhu ya girgiza. Ta sake kira. Ta sake kira. Amma bayan gari da nisa. Ta yunƙura za ta bi shi, ta tuna in ta bar murhu takwas ɗin nan duk za su daskare. Sai ta ce, "Udaridu, miƙa kiran nan baya, a ce ina kiransa."

Aka miƙa kira baki da baki, yadda ake miƙa akushi. Udaridu ya jefa wa Zuhura a guje. Zuhura ta faɗa wa Duniya daga cikin mayafi. Duniya ta ba Mirrihi. Mirrihi ya ba Mushtari, shi kuma ya ce bari ya haɗiye tukuna. Zuhalu ya tsaya gyaran faifai. Yuranus ya ce in ya tashi daga barci. Kafin kira ya kai ga Naftun ya huce sarai, sunan ma ya zube a hanya. Naftun ya juya baya ya yi ihu, iska ta kwashe. Ba kowa a wurin.

Tun daga ranar Wancan yake zagaye can waje, cikin duhu da duwatsu. Hanyarsa a karkace take, ba a share ta ba. Shekara ɗari biyu da wani abu yake yi kafin ya gama zagaye ɗaya. In ya zagayo kusa, sai ya ratso ta gaban Naftun kaɗan, ya tsaya ya kasa kunne ko zai ji. Sai ya ji iska kawai. Sai ya koma.

Ita kuwa Rana kullum sai ta kira. In kun ga yamma ta yi ja gab da magariba, idonta ne. Masu littafi daga baya suka hango shi suka sa masa Fuluto. Wannan sunan baƙi ne. Na yanka yana cikin uwarsa, ba mai amsa shi.

Kaka ta kama tona garwashi da tsinke. Ɗanlami ya miƙa hannu a hankali wajen gyaɗa ta tara.

"Tunda ba a ƙirga shi, Kaka, bari in cinye."

Ta make masa hannu har ya yi ƙara. "Taɓa ka gani." Ta ɗauke gyaɗar ta riƙe. "Barira, tashi tsaye. Jero min su daga murhu."

Barira ta miƙe. Ta nuna gyaɗa ɗaya-ɗaya da kumburarren hannunta. "Udaridu. Zuhura. Duniya. Mirrihi. Mushtari. Zuhalu. Yuranus. Naftun."

"Daga baya fa?"

"Naftun, Yuranus, Zuhalu, Mushtari, Mirrihi, Duniya, Zuhura, Udaridu."

"To, gobe malaminki ya nemi wani ya daka. In ya ce nawa ne, ki ce takwas, haka yake a allonsu."

Barira ba ta zauna ba. Ta ce, "Kaka, ke da ba ki yi boko ba, wa ya koya miki?"

"Ubanki."

Yaran suka daina ɓarar gyaɗa.

Kaka ta ce, "Kun san zanen gawayin nan na bangon ɗakina, wanda na hana a shafe? Shi ya yi, shekarar da ya dawo daga makarantar horon malamai. Da'ira tara. A lokacin tara ake ƙirgawa. Yana zanawa yana faɗa min sunayensu, ni kuwa na juya baya ina tankaɗe, wai ba na ji. Duk na ji. Bayan shekaru ya shigo ya ce, 'Iya, kin ji an cire na taran?' Ya sa yatsa a kan ɗan ƙaramin na can gefe ya ce, 'Wannan ai ni ne.' Yana dariya. Ni ma na yi dariya, Allah ya yafe min."

Ta juya gyaɗar a tafin hannunta.

"Ranar da ciwonsa ya yi tsanani, a ɗakin nan aka kwantar da shi. Ɗaki cike da mutane, dangin uwarki da ƙawayena. Ya kamo bakin zanena ya ce, 'Iya, kira ni.' Na ɗauka zafin ciwo ne. Ya ce, 'Da sunana, Iya.' Na dubi ɗakin. Duk ido a kaina. Na ce, 'Sannu, kai.' Na ce a raina in an ragu zan faɗa. Kafin la'asar ya cika. Da aka zo gaisuwa, mata suna ta yaba min wai ko hawaye ban yi a gaban mutane ba."

Barira ta matso ta durƙusa a gabanta.

"Kaka, to ki faɗa yanzu mana."

Kaka Tabawa ta dubi ƙofar gida, ta dubi katanga, kamar mai neman wanda ke leƙe. Sannan ta ɗaga kai. Shekara arba'in da huɗu sunan yana cikinta, da ya fito a dishe ya fito.

"Haladu."

Ta jira. Tunkiya ta yi kuka a turke. Can nesa ladan yana gyara lasifika.

"Haladu!"

Ta sake jira.

Ta ce, "Kun ji? Ba wanda ya amsa."

Ta ƙulle gyaɗar a bakin zanenta, ta goge fuska da bayan hannu.

"Ƙurunƙus, kan kusu ya faɗa kasko. Rana da Kaza ƙarya na shara muku, na ƙarshen ne ba ƙarya ba. Kunya ado ce, ban ce ku yar ba. Amma in ta ce ku haɗiye sunan ɗanku, ku tofar da ita. Ku kira naku tun yana da kunnen ji. Ku kwashe ɓawon nan, ku je ku yi alwala."